Idan Allah ya ba ki jariri mai rigima: yadda za ki rage buri ki samu sauƙin reno

Duk mai cikin fari akwai yadda take hango renon a ranta. Jariri ya sha nono ya yi gyatsa ya yi barci, a shafa masa hoda a sa masa kayan da aka siyo a Sabon Gari, a kwantar da shi a ɗan gadonsa mai net, ita kuma ta tashi ta yi girki ta yi turaren wuta kafin maigida ya dawo. Kuma akwai jariran da haka suke wallahi, sai ka shiga gida ka fito ba ka san akwai jinjiri ba. Amma akwai wasu da tun satin suna za ki gane ba haka suka zo ba. Ido tarau, barci kaɗan, motsi kaɗan ya farka, in ya fara kuka har maƙota sai sun ji, ba ya yarda a ajiye shi, ba ya yarda a zauna da shi ma sai dai a miƙe tsaye ana jijjiga. Ɗana na biyu haka ya zo, shi ya sa nake son in yi wa ƙannena masu sabon jego wannan bayanin, da mazajensu ma in za su daure su karanta.

Abu na farko da nake so ki sa a ranki, yawancin irin wannan yaro ba lalata shi kika yi ba, ba kuma nononki ne bai da kyau ba, haka Allah ya halicce shi. Wasu likitoci biyu a Amurka, Alexander Thomas da Stella Chess, tun shekarar 1956 suka fara bibiyar yara daga jarirai har suka girma, suka ga kusan kashi 40 cikin 100 masu sauƙin hali ne, kusan kashi 15 ba sa saurin sabo sai a hankali, kusan kashi 10 kuma su ne irin namu, masu zafi, barcinsu da cinsu ba tsari, komai sabo sai sun yi bore a kansa. Sauran sun ɗebo nan sun ɗebo can. Abin da ya fi burge ni a binciken nasu shi ne sun ce ba halin yaron kaɗai ke nuna yadda zai tashi ba, har da yadda gidan ya iya tafiya da halin nasa. Toh kinga ke nan aikin da ke gabanki ba wai ki mayar da shi irin ɗan maƙociyarki ba ne, ki karanci naki ki gyara tsarin gida ya dace da shi.

Amma kafin ki ce hali ne, fara tabbatar da lafiyarsa ƙalau, wannan ba a wasa da shi. Jaririn da bai kai wata uku ba in jikinsa ya kai zafin digiri 38, asibiti za a tafi a lokacin ko da tsakar dare ne, ba kemis ba. Ki siyi ɗan ma'aunin zafin jiki ki ajiye, ba shi da tsada, ya fi taɓawa da bayan hannu. Haka in ya ƙi kama nono sam, ko jikinsa ya saki ba kuzari, ko yana numfashi da sauri ƙirji na lotsawa, ko maɗiga ta kumbura ko ta faɗa, ko amai kore, ko jini a kashi, ko ido da tafin hannu sun yi ruwan ɗorawa alamar shawara, ko jijjiga irin ta farfaɗiya, ko wani irin kuka mai ƙara da ba ki saba ji ba. A nan Kano muna da asibitin yara na Hasiya Bayero, ga Murtala, ga na Malam Aminu Kano, ga ƙananan asibitocin unguwa. In kuwa yana shan nono da kyau, yana jiƙa pampas kamar sau shida ko fiye a yini, nauyinsa na hawa a katin awo duk sanda kika je rigakafin sati 6 da 10 da 14, toh ki kwantar da hankalinki, rigimar ba ciwo ba ce.

Yanzu maganar kuka. Ba wanda yake gaya wa mai jego cewa kukan jariri yana da lokacin da yake hawa. Yakan fara ƙaruwa daga wajen sati biyu, ya kai ƙololuwa wajen sati shida, sannan ya fara sauka zuwa wata uku ko huɗu, kuma jarirai da yawa haka suke, ba a gidanki kaɗai ba. Ki lura sati shida ɗin nan daidai yake da gama arba'in, daidai lokacin da kika dawo ɗakinki daga gida ko tsohuwar da ta zo miki wanka ta haɗa kayanta ta tafi, sai ki ga kamar tafiyarta ce ta jawo, ko ke ce ba ki iya ba. Ba haka ba ne, lokacin ne kawai ya zo. Akwai wanda likitoci ke kira kolik, mu kuma mu ce ciwon ciki, tun 1954 wani likita mai suna Wessel ya sa masa ma'auni: kuka sama da awa uku a yini, kwana uku ko fiye a sati, har sati uku, a yaron da lafiyarsa ƙalau. Wanda ya taɓa gani ya san shi. Ana kiran magariba sai ya fara, fuska ta yi ja, ya dunƙule hannu, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya banƙare baya, ki ba shi nono ya kama ya saki ya ƙara tsandara ihu, ki zagaya tsakar gida da shi har a idar da isha'i, sai can ya yi ajiyar zuciya ya yi laƙwas a kafaɗarki gumi ya jiƙa masa wuya. Gobe kuma a sake. In kin san da wannan lokacin sai ki shirya masa tun da rana: abincin dare ki gama shi kafin la'asar, ki yi wankanki, ki ci wani abu, ki sa ruwan sha kusa, don daga magariba zuwa isha'i ba naki ba ne na ɗan wani lokaci.

Dabarun rarrashi kuwa, mu Hausawa muna da babba tun kaka da kakanni, wato goyo. In ya yi ƙwari wuyansa ya fara tsayawa ki goya shi da zani da majanyi ki ci gaba da hidimarki, ki dai tabbata fuskarsa na gefe hanci a buɗe, kuma kar ki tsaya da shi a kan wuta ko risho. Kafin nan rungume shi a ƙirji, fatarki da fatarsa, yana jin bugun zuciyarki. Jijjiga a hankali, tafiya, ƙarar fanka, ɗan shhh a kusa da kunne, wanka da ruwan ɗumi da yamma, shafa masa ciki da mai a hankali, sa shi gyatsa a tsakiyar shan nono ba sai ƙarshe ba. Wani yaron da kin fita da shi soro ko ƙofar gida iska ta buge shi shikenan ya yi shiru. Wani sai a adaidaita sahu yake barci. Ki gwada ɗaya ki ba shi 'yan mintuna kafin ki canza, don saurin canje-canje ma yana ƙara rikita shi. Kuma ki sani wata rana duk za ki yi su bai yi shiru ba. Riƙe shi da kika yi yana kukan ma reno ne, bai tafi a banza ba.

Za a ce miki kina saba masa da hannu, ki bar shi ya yi kuka huhunsa ya buɗe. Jariri ɗan wata ɗaya ko biyu bai san wayo ba balle ya yi miki shi, kuka ne kaɗai bakinsa. Annabi (SAW) da kansa yana jan sallah in ya ji kukan yaro sai ya taƙaita don tausayin uwar, yana nan a Bukhari, kuma ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama. Sai kuma maganar kara ta ɗan fari, wadda har yanzu wasu gidajen a cikin gari suna riƙe da ita, yarinya na jin yaronta na tsala kuka a hannun mutane amma kunya ta hana ta karɓa a gaban surukai. Ni ina ganin kunya abu ne mai kyau, kar ki kira sunansa in haka al'adar gidanku take, amma in yana kuka ki karɓe shi ki shiga ɗaki, ba wanda zai ce kin yi rashin kunya in kin yi shi cikin ladabi.

Barci shi ne inda buri ya fi karya mutum. Ana cewa jariri sabon haihuwa yana barcin awa 14 zuwa 17 a kwana ɗaya, gaskiya ne, amma a gutsuttsure yake yin sa, awa biyu nan, minti arba'in can, kuma bai san dare da rana ba sai ya kai wajen wata biyu zuwa uku. Cikinsa ƙarami ne, shi ya sa yake neman nono sau 8 zuwa 12 a kwana. Saboda haka cire rai da barcin dare cikakke a watannin farko, in ya zo alhamdulillahi. Abin da za ki iya yi shi ne ki koyi alamun gajiyarsa. Yaro mai ƙiriniya ba ya nuna barci yake ji sai ya wuce gona da iri, in kuwa ya wuce sai barcin ya gagara. Da kin ga ya fara hamma, yana kawar da kai, yana murza ido ko jan kunne, ido ya tsaya wuri ɗaya, toh lokacin ne, kar ki jira kuka. A watan farko da na biyu da wuya ya iya wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a farke ba tare da ya gaji ba. Da rana buɗe labule a yi hayaniyar gida yadda aka saba, da dare rage haske, ba wasa, ba hira, ba hasken waya a fuskarsa. Kwantar da shi rigingine ba rub da ciki ba, ba filo, ba bargo mai nauyi kusa da fuska, a cikin gidan sauro, kuma kar barci ya kwashe ki da shi a kan kujerar falo.

Zafin garin nan ma yana da nasa. Daga Maris zuwa Mayu rana tana wuce digiri 40, an ɗauke wuta, ɗaki kamar tanda, amma sai ka ga jariri an sa masa hula da safa da rigar sanyi an naɗe da shawul wai kar sanyi ya kama shi. Ta yaya ba zai yi rigima ba. Ki taɓa bayan wuyansa, in da gumi rage kaya, shimi ɗaya mai laushi ta ishe shi, ƙurajen zafi kaɗai sun isa su hana shi barci. Da hunturu kuma fata ke bushewa hanci ya toshe, ki yawaita shafa mai, kuma dan Allah kar a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki ko janareta kusa da taga, hayaƙinsu yana kisa ba a ji ba a gani. Turaren wuta ma a yi shi nesa da shi.

Inda nake so in daɗe shi ne maganar ba shi wani abu ya sha don ya yi shiru, don a nan ake cutar da yara da kyakkyawar niyya. Kowa ya zo barka da maganinsa. Wannan ta ce nononki ba ya isarsa a haɗa masa da koko, waccan ta ce a ba shi ruwa ƙishi yake ji, wata ta ce dauri, wata ta ce zuma, wata ta ce je kemis akwai wani sirop da yake sa su barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba shi, don nonon kansa sama da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, in ana zafi ƙara yawan shayarwa ke kuma ki sha ruwa sosai. Zuma ba a ba yaron da bai shekara ba saboda wata ƙwayar cuta da kan iya shanye masa jiki. Maganin mura ko na tari don ya sa barci haɗari ne ga jariri, yana iya danne masa numfashi. Kuma kar mu manta da abin da ya faru a 2008, maganin haƙori na My Pikin da ya gurɓata ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan, iyayen nan ba abin da suke nema sai yaransu su samu sauƙi. Haka cire beli da wanzami, ana cewa shi ke hana yaro shan nono ko sa shi kuka, alhali jini kan iya ɓallewa ko ƙwayar cuta ta shiga. In kina tsoron baki ne ko shafar aljanu, yi masa addu'a, karanta Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu ki tofa ki shafa masa safe da yamma, wannan ba ya hana zuwa asibiti, asibiti ma ba ya hana shi.

Yadda za ki ƙi shawarar manya ba tare da an ɓata ba shi ma sai da dabara. Kar ki yi musu da uwar miji a gaban mutane. Ki ce “to Hajiya, in sha Allah, amma ranar awo nas ta ce kar a ba shi komai sai ya yi wata shida, bari mu ga zuwa lokacin.” In abin ya yi nauyi bar wa maigida, shi ya san yadda zai yi magana da mahaifiyarsa, cikin raha zai ce “Umma ki bar min shi haka, likita ya hana,” a wuce wurin. Kuma ki ba ta wani aikin da za ta ji ana yi da ita, tsofaffi sun iya wankan jariri da goyo da rarrashi fiye da mu nesa ba kusa ba.

Taro ma sai kin rage. Irin wannan yaro hayaniya na cika masa kai. Ranar suna ko biki za ki ga an yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, wannan ta sumbata, waccan ta ɗaga shi sama, ga turare iri-iri, ga kiɗa, da rana kamar ba komai yana ta kalle-kalle, da dare ke za ki biya. Ba cewa na yi ki yanke zumunci ba, amma ba kowane kamu da wuni da walima ne sai kin je ba a watannin nan, in kin je ma ki nemi ɗaki mai shiru ki dinga shiga da shi, ki dawo gida kafin lokacin rigimarsa. Yawon arba'in a raba shi kwana-kwana, ba dole a gama dangi a yini ɗaya ba. Haka aikin gida, sauke ma'aunin. Tuwo da miya iri biyu da shara sau uku da guga ba za su yiwu da yaro a hannu ba, zaɓi abin da ya zama dole, ranar da ta ƙi a siyo gurasa ko awara ko a dafa taliya, ba abin kunya ba ne. In yana barci da rana kwanta ke ma, ajiye wayar. Hotunan da kike gani a Instagram da status na jarirai cikin fararen kaya suna murmushi, ba wanda yake ɗaukar bidiyon ƙarfe biyun dare ya ɗora.

Kai kuma maigida, ɗan'uwa, wannan ba aikin mace kaɗai ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka dawo daga kasuwa ko ofis ka tarar gida a hargitse abinci bai sauka ba, kar kalmar farko ta zama “me kike yi tun safe.” Karɓi yaron ka fita da shi ƙofar gida ta samu ta yi wanka ta yi sallah a nutse. Bayan asuba ka riƙe shi awa ɗaya ta runtsa, wannan awa ɗayan ba ƙaramin abu ba ne a wajenta. Komawa wani ɗaki don kar kuka ya dame ka kullum, tana gani, kuma yana mata ciwo ko ba ta faɗa ba. In ma'aikacin gwamnatin tarayya ne kai, tun 2021 aka amince da hutun kwana 14 ga uba in an yi masa haihuwa, nemi naka. In da hali a samo mai taimako, ƙanwa ko 'yar'uwa babba mai hankali, ba ƙaramar yarinyar da ita ma reno take buƙata ba.

Akwai daren da za ki ji ranki ya ɓaci da jaririn da kike so fiye da komai, ki ji kamar ki yi ihu. Wannan yana faruwa da iyaye na kirki, gajiya ce. In kin ji haka kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci, fita ki rufo ƙofa, yi alwala, sha ruwa, ki yi minti biyar ko goma, kukan ɗan lokacin nan ba zai cutar da shi ba. Abin da zai cutar da shi shi ne girgiza shi da ƙarfi, wuyansa bai yi ƙwari ba, jini kan iya zuba a ƙwaƙwalwa ya makance ko ya nakasa ko a rasa shi. Gaya wa duk wanda yake riƙe miki shi wannan maganar, har 'yar aiki. Sannan ki duba kanki. Yawan kuka da ƙunci a kwanakin farko bayan haihuwa ya zama ruwan dare kuma yakan wuce cikin sati biyu, amma in ya zarce haka, ba kya jin daɗin komai, ba kya iya barci ko yaron ya yi, kina jin ba ki da amfani ko tunanin cutar da kanki ko shi yana zuwar miki, wannan ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba ne. Gaya wa mijinki ko mahaifiyarki, ki faɗa wa likita ko nas ranar awo.

Kukan yamma yakan lafa wajen wata uku zuwa huɗu, amma kar ki ɗauka halin zai tafi, salo zai canza. Wajen wata shida ga haƙori ga fara abinci, irinsu sukan ture cokali su ƙi sabon ɗanɗano, kar ki yi masa ɗure, ɗure na iya sa abinci ya bi hanyar numfashi, sake gwadawa bayan kwana biyu, wani abincin sai an kawo shi sau da yawa kafin ya karɓa. Wajen wata takwas zai fara ƙyuya, ko banɗaki kika shiga sai ya yi kuka. Da ya fara rarrafe kuwa gidan za ki gyara tun kafin ya kai ga abin, don irinsu ba sa jin bari. Bokiti ko baho mai ruwa kar a bar shi a buɗe a tsakar gida ko ruwan kaɗan ne, rijiya a rufe ta da murfi mai nauyi, fulas ɗin ruwan zafi da risho da dutsen guga a sama, kalanzir da fiya-fiya kar a zuba su a robar lemo, magunguna a kulle, soket na ƙasa a toshe. Ware masa wuri ɗaya a falo da tabarma da robobi da murafen tukwane inda zai yi ɓarnarsa ba mai ce masa kai, kuma kullum da yamma in rana ta yi sanyi a fita da shi ya motsa jiki ya ga mutane kafin wankan dare.